Yadda Na Goge Kundin Balkisa

Ranakun aiki da yawa sun wuce ni ban riƙe komai daga cikinsu ba, amma wata Laraba ta ƙarshen damina ta ƙi fita raina. Ita ce ranar da kundin gidaje na Balkisa ya ɓace daga kwamfutocin gidan rediyonmu, kuma ni ne sanadi. Tsofaffin abokan aiki sun san labarin, kowa da yadda yake ba da shi. Na rubuta shi ne saboda ku da kuka zo daga baya, don ku ji shi daga bakin mai laifin.

Gidan rediyonmu a Filinge ƙarami ne. Muryarmu tana kai wa ƙauyukan Kurfai, tana sauka Bonkuku, in yanayi ya yi kyau har wajen Damana ana kama mu. A lokacin da nake magana mu huɗu ne ke riƙe da aikin: Darakta, wanda muke kira Mushe Darakta, wato Malam Darakta da Faransanci, mai sa hannu a kan komai, Mamman, wakilinmu mai yawon ƙauyuka, wanda kuma taubashina ne, ɗan ƙanwar mahaifina, Balkisa, sai ni. A Yamai aka horar da ni karanta labarai da Hausa, kuma da yake na fi kowa daɗewa, ba mai kiran sunana. Dwayen suke ce mini, kalmar Faransanci mai nufin dattijon ma'aikata.

Shirin da ya fi kowane masu sauraro shi ne filin sanarwa, ƙarfe ɗaya na rana. Wanda ba ɗan ƙasar nan ba zai ɗauka aiki ne mai sauƙi: a ba ka takarda, ka karanta. Ba haka ba ne, musamman sanarwar rasuwa. Iyalan mamaci sukan aiko da 'yar takarda mai layi uku ko huɗu: sunan wanda ya rasu, garinsu, da ranar addu'a. A ƙasa sai su rubuta, "Sauran gidaje kun sani." Mai karatu shi zai cika sauran. Sai ya fara da dangin uba, ya bi da dangin uwa, sannan surukai, sannan waɗanda suke ci-rani a Yamai ko Legas ko Abijan, kowane gida da sunan babbansa, kuma a jere yadda girmansu yake. In ka tsallake gida ɗaya, ko ka sa ƙane gaban wa, washegari da safe za ka tarar da babur a ƙofar rediyo da mutumin da bai zo gaisuwa ba.

Shekara kusan ashirin ina riƙe da wannan jeri a kaina. Ban taɓa rubuta shi ba, ban kuma ga dalilin rubutawa ba. Ranar kasuwa sai na yi awa guda kafin in ƙetare rumfunan hatsi, don kowa yana son ya gaya mini an yi aure a gidan wane, wane ya koma Yamai. Ina jin daɗin wannan fiye da yadda nake nunawa.

Balkisa 'yar Filinge ce, ta koyar a makarantar firamare kafin ta zo wurinmu, matar aure mai 'ya'ya biyu. A shekararta ta farko masassara ta kwantar da ni kwana tara, filin sanarwa ya rikice, babura uku suka zo ƙofa. Da na warke na dawo, na yi alfahari da baburan nan. Ita kuwa abin da ta gani daban ne. Ta fara tattara gidajen.

A nan sai na yi wa waɗanda ba su saba da na'ura ba bayani. Duk rubutunmu a wani shafi na intanet muke yin sa, don Darakta ya iya dubawa ko yana tafiya. Manhajar da ake buɗe shafin da ita ana ce mata burauza. Ita burauzar ana iya liƙa mata ƙananan manhajoji, kamar yadda tela ke ƙara wa riga aljihu; mu a nan estansiyo muke ce musu. Wadda Balkisa ta samo kyauta ce, wasu mutane da ba mu sani ba suka ƙera ta. Aikinta ɗaya ne: ka ba ta dogon rubutu, ka ba ta haruffa uku a matsayin alama, duk ranar da ka buga haruffan nan sai ta zubo maka rubutun gaba ɗaya. Balkisa ta ba kowane babban gida alamarsa. Ta buga haruffa uku, sai ga dangin uba, dangin uwa, surukai da 'yan ci-rani, a jere, har da yadda ake furta sunan da aka saba rubutawa da Faransanci. Duk wannan yana zaune ne a cikin saitunan estansiyon, wato ɗan ɗakin da take ajiye abin da mai amfani da ita ya gaya mata. Shi muke kira kundin gidaje. Damina biyu ta yi tana haɗa shi.

Abu na biyu da ya kamata ku sani: gidan rediyon gaba ɗaya asusu ɗaya yake da shi na shiga burauza. Darakta ne ya buɗe shi, ya rubuta kalmar sirrin a takarda ya liƙa a cikin durowar teburinsa, durowar da ba a kullewa. Kwamfutoci uku ke kan asusun: ta ɗakin watsa shiri, ta ofis, da ƙaramar da Mamman ke yawo da ita a jaka. Duk abin da aka canza a ɗaya, da zarar sauran sun sami intanet sai su ɗauka. Wannan shi ake kira daidaitawa. Muna ganinsa a matsayin alheri, kuma har zuwa ranar Larabar nan alheri ne.

Da kundin ya kankama, sai abubuwa suka fara sauyawa a hankali. Ranar da na je jana'iza a ƙauye, Balkisa ta karanta sanarwa, ba babur ko ɗaya. Wani wata Mamman ma ya karanta, shi da ba ya iya jera kakanninsa. A wani taron Litinin Darakta ya ce daga yau filin sanarwa na Balkisa ne, gwaji na wata uku, ni kuma in riƙe labaran yamma da shirin manoma. Ya ce ɗaukaka ce. Na yi godiya da Hausa mai kyau.

Mamman ne kaɗai ya faɗi abin da kowa ya gani.

"Taubashi," in ji shi, "tunda an kwashe abin da ke kanka an zuba cikin inji, sauran jikin ga mi za mu yi da shi? Mu kai Baleyara ran kasuwa, ko wani bahillace ya taya."

Kowa ya yi dariya, har da ni. Tsakanin taubasai ba a fushi da magana, komai zafinta.

Abin da ya fi ƙona mini rai ya faru bayan sati biyu. Wani dattijo daga wajen Bonkuku, wanda na yi shekaru ina karanta sanarwar gidansu, ya shigo farfajiya da takarda a hannu. Ya gaishe ni da kyau, ya tambayi iyali, sannan ya ce, "Ina Madam mai gidaje?" Na nuna masa ƙofa da hannuna. Daga ranar na fara sauraron filin sanarwa da alƙalami, ina jiran ta yi kuskure. Muryarta ba ta kai tawa horo ba, tana haɗiye ƙarshen jimla, takan ja numfashi kusa da makirfo. Amma gidajen ba ta kuskure su. Na yi wata guda ina jira, takardata fara fat.

Sai na ce a raina, kuskuren yana cikin kundin, ba dai ranarsa ta zo ba. Ina so in ga kundin da idona, in bi shi gida-gida, in fito da wuri biyar ko shida da ta sa ƙane gaban wa, in kawo su taron Litinin cikin ladabi. Da na ce mata ta nuna mini, da ta nuna. Amma Dwayen ba ya zuwa teburin wadda ta zo jiya ya ce a koya masa gidajen Kurfai. In kuma na zauna a kwamfutar ofis ina dubawa, wani zai shigo ya gan ni.

Ranar Talata bayan la'asar, kowa ya tashi, na fito da tawa kwamfutar da ɗana ya aiko mini. Na buɗe durowar Darakta, na kwafi kalmar sirri, na shiga asusun rediyo. Na nemo estansiyon na saka. Ta buɗe da 'yar gaisuwar maraba, ƙasan gaisuwar kuma fili ne, ba gida ko ɗaya. Wata 'yar alama ta yi ta juyawa a kusurwa, ta tsaya, ta rubuta cewa an daidaita. Na jira minti goma ko gidajen za su sauko. Ba su sauko ba. Na ce rezo ne ba ƙarfi, wato intanet ɗin ya yi rauni, na rufe, na karanta labaran yamma, na tafi gida.

Ɗabi'armu a rediyo ita ce duk wanda ya fara isowa da safe sai ya kunna akwatin intanet da kwamfutocin nan biyu kafin ya ajiye jakarsa. Ranar Laraba Balkisa ce ta fara isowa. Da na shigo wajen ƙarfe tara na tarar da ita tsaye a ofis, Darakta yana bayanta, takarda a hannunsa. Wata tsohuwa ce ta rasu a wani babban gida kusa da Bonkuku, mai 'ya'ya da jikoki a ƙasashe uku, ana addu'ar uku ranar Alhamis. A ƙasan takardar an rubuta, "Sauran gidaje Madam ta sani."

Balkisa ta buga haruffa uku. Haruffa uku suka tsaya a shafi. Ta goge ta sake. Ta buɗe saituna, sai ga gaisuwar maraba da fili a ƙasanta. Ta ruga ɗakin watsa shiri, can ma haka.

"Madam, ina abin naki?" in ji Darakta.

"Mushe Darakta, jiya da rana yana nan. Wallahi da shi na yi aiki."

"To mi kika taɓa?"

"Ban sani ba. Shekaranjiya ta ce in sabunta, na danna. Ko shi na?"

"Ni kika tambaya? Kin aje wani wuri? Takarda, kile, wani abu?"

Kile ita ce 'yar ma'ajiyar da ake soka wa kwamfuta a kwafi abu. Ba ta taɓa kwafa ba. Tana ganin tunda kundin yana kan kwamfutoci uku da intanet, ya fi takarda tsaro.

Ni kuwa da na ga gaisuwar marabar nan a allonta, na gane ta. Ita ce na gani jiya a tawa. Ban san yadda abin yake aiki a ciki ba tukuna, amma lissafin ba wuya: fankon da na buɗe a kwamfutata shi ne ya bi intanet ya shiga nasu. Na ajiye hulata a kan tebur na tambayi ko an kawo jaridar ma'aikatar noma.

Darakta mutum ne mai tsoron ƙorafi fiye da tsoron gobara. Ya juyo wurina.

"Dwayen, gidan ga ka san shi?"

"Na san shi."

"Dut da na Abijan?"

"Har da na Akara, waɗanda ba a cika tunawa da su ba."

"Alhamdu lillahi. Kai za ka shiga."

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya, ina zaune ina jera gidajen a kaina, sai na tuna da kwamfutar Mamman. Tun Litinin da safe ya tafi ƙauyukan bayan Damana ɗaukar muryoyin manoma a kan gero, inda rezo ba ya isa ya ɗauki kwamfuta. In lissafina daidai ne, fankon bai kai gare ta ba. Kundin yana nan a jakarsa, lafiya lau. Na kuma san al'adarsa: duk ranar dawowa motar kasuwa takan tsaya a Bonkuku wajen ƙarfe uku, shi kuma ya zauna wurin mai shayi, ya haɗa kwamfuta da intanet na wayarsa, ya turo mana muryoyin kafin ya iso. Yana haɗawa, kundin ƙarshe zai bi sauran.

Ba wanda ya yi wannan tunani sai ni, domin ba wanda ya san ta inda ɓarnar ta shigo. Balkisa ta ɗauka kundin ya mutu a ko'ina lokaci ɗaya, kuma da hannunta. Ina da awa huɗu. Na duba agogo, na ci gaba da jera gidaje.

Ƙarfe ɗaya na shiga. Ba zan ɓoye muku ba, ban taɓa karatu mai daɗin na ranar ba. Gida ashirin da wani abu na jero ba takarda, ban yi tuntuɓe ba, ban ja numfashi a inda bai kamata ba. Ta gilashi ina hango Darakta yana gyaɗa kai. Ina hango Balkisa ma, tana zaune a kan benci da hannu a haɓa. Da na fito Darakta ya kama hannuna da hannu biyu.

"Kai dai kai na, Dwayen. Inji inji na. Ran Litinin mu zamna mu sake duba maganar hilin ga."

A gabanta ya faɗa. Na je na yi azahar, na dawo, na ci abinci da kyau. Ƙarfe biyu da rabi ya wuce.

Ina ofis sai ta shigo da sabon littafin rubutu irin na 'yan makaranta. Ta jawo kujera, ba ta zauna kusa ba, ta buɗe shafin farko.

"Dwayen, in ba ka gaji ba, ka taimake ni. Ka hwaɗi, ni in rubuta. Ko gida biyu-biyu kullum."

"Za ki sake daga farko?"

"To mi za ni yi? Ai rabinshi daman daga bakinka na ji shi. Shekara guda ina sauraronka ina rubutawa. Sauran na bi tsohhi gida-gida." Ta gyara alƙalami. "Waɗansu cikinsu sun rasu. Su ka ba ni tsoro. Abin da sunka gaya min ba shi wurin kowa."

Na so in ce tausayi ne ya kama ni. Ba shi ba ne ya fara zuwa. Abin da ya fara zuwa haushi ne: ashe da muryata ta gina abin da ya ture ni. Bayan haushin sai wata tambaya ta zo, wadda ta fi shi nauyi. Na tambaye ta waɗanne tsofaffi take nufi. Ta ambaci wata da ta rasu bara, ta ce ita ta gaya mata cewa gidan da muka yi sanarwarsu yau suna da wani reshe a Damana, 'ya'yan wata mata da aka aurar tun kafin a haife ni, an yi saɓani an daina ambatonsu, daga baya aka shirya. Ban san da su ba. Ban ambace su da ƙarfe ɗaya ba. Ita ta sani, tana zaune a benci ta ji na tsallake su, kuma ba ta gaya wa Darakta ba.

Agogo ya nuna uku saura minti goma. Na ce mata ina zuwa. Na fita gindin dogonyaro na kira Mamman. Ina jin ƙarar cokali a cikin kofi.

"Taubashi! An ce yau an hiddo ka daga sito an kakkaɓe."

"Mamman, kana ina?"

"Bonkuku. Ga ordinata bisa cinya, yanzu za ni turo muku."

"Kada ka haɗa kwamfutar da intanet. Rufe ta. Ka zo da ita haka."

Ya fashe da dariya. "Don Darakta shi ci mutuncina, kai ka samu na dariya? Bara ma haka ka ce min an ɗaga taro, na kwana gida, anka yi ba ni."

Gaskiya ne, na yi masa haka. Tsakaninmu ƙarya ta wasa halal ce, kuma shekara hamsin muna yi.

"Wannan ba wasa ba ne. Na rantse."

"Rantsuwar taubashi? Ga yatsana bisa maɓalli. In ji daga bakin Darakta ko Madam, in ba haka ba in danna."

Na so in yi masa bayani a nan gindin itace, shi kaɗai, amma na san ko na faɗa zai ce sabon salo ne. Na koma ciki da waya a kunne. Darakta ya fito daga ofishinsa, Balkisa tana nan da littafinta. Na buɗe muryar wayar na ajiye ta a kan tebur.

"Mushe Darakta, ka gaya wa Mamman kada ya haɗa kwamfutarsa da intanet. Kundin yana cikinta. In ya haɗa zai goge."

"Yana cikinta? Ƙaƙa ka sani?"

"Ka fara gaya masa."

"Dwayen, muryoyin ga su za mu sa ƙarhe biyar. Ba ni hana shi turowa sai na san dalili. Ƙaƙa ka sani?"

Na faɗa. Na faɗe shi a jere kamar labaran yamma: Talata bayan la'asar, durowa, kalmar sirri, kwamfutata, gaisuwar maraba, alamar da ta juya. Ban ƙara ba, ban rage ba. Da na gama, a cikin wayar cokalin ya daina ƙara.

"Mamman," in ji Darakta, "ruhe ta."

"Na ruhe," in ji Mamman. Bai ƙara ko kalma ɗaya ta wasa ba, kuma wannan ya fi mini zafi fiye da duk abin da ya taɓa faɗa mini.

Kafin magariba ya iso. Muka kashe akwatin intanet, muka kashe na wayoyinmu, har Darakta ya cire wayar akwatin daga bango don tabbaci. Balkisa ta buɗe kwamfutar, ta buga haruffa uku. Gidajen suka zubo. Ta duba saituna, komai yana nan sai gida biyu da ta ƙara ranar Litinin da Talata, waɗanda take tunawa. Ta fitar da kundin zuwa kile biyu, ta ba Darakta ɗaya, ta ɗaura ɗaya a bakin mayafinta. Washegari da safe, kafin a taru addu'a, ita ta shiga ta maimaita sanarwar tsohuwar, da reshen Damana a inda ya dace.

Daga baya ta rubuta wa masu estansiyon, suka amsa cewa kuskuren nasu ne, suka gyara. Ga yadda abin yake. Duk lokacin da aka saka ta a sabuwar kwamfuta, kamata ya yi ta fara tambaya ko asusun yana da tsofaffin saituna. Maimakon haka sai ta fara rubuta nata na fanko. Ita kuma daidaitawa dokarta ɗaya ce: wanda aka rubuta daga baya shi ne gaskiya. Kamar a kawo sabon magatakarda da farin littafi, ya buga masa hatimin yau, sauran ofisoshi su ga hatiminsa ya fi nasu sabunta, su yayyaga littattafansu su kwafi nasa. Ba wanda aka tambaya, ba gargaɗin da ya fito. Da wani ne ya saka ta da kyakkyawar niyya, da haka ɗin za ta faru. Na riƙe wannan magana kwana biyu ina lallashin kaina da ita. Ba ta yi aiki ba, don estansiyon ba ita ta riƙe bakina daga ƙarfe goma sha ɗaya zuwa uku ba.

Darakta ya ba ni takardar neman bayani, wadda ake ba ma'aikaci ya amsa a rubuce cikin kwana biyu. Na amsa, aka sa a fayil ɗina, ita ce kaɗai a ciki har na yi ritaya. Taron Litinin bai taɓa maganar filin sanarwa ba. Da wata ukun suka cika aka tabbatar wa Balkisa da shi. An ba kowa asusunsa, an cire takardar durowa, aka kuma sa doka cewa duk Juma'a a fitar da kundin zuwa kile, duk wata uku a buga shi a takarda.

Balkisa ba ta yi mini faɗa ba, ba ta kuma ce ta yafe ba. Sati guda gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. A rana ta takwas ta ajiye kile a kan teburina.

"Ga shi, Dwayen. Ka duba a natse. In ka ga kuskure ka gaya min." Ta kai ƙofa ta juyo. "Da ka tambaya, da tun bara na ba ka."

Na duba shi gida-gida, dare da rana, har sati uku. Na sami kuskure huɗu. Na kai mata, ta gyara a gabana, ta yi godiya. Na kuma sami gidaje goma sha ɗaya da ban sani ba, waɗannan ban gaya mata ba sai yau da nake rubutawa.

Abin da nake so ku ɗauka na aiki ne da farko. Abu yana kan kwamfuta uku ba ya nufin kuna da kwafi uku. In suna daidaitawa, kwafi ɗaya ne mai ƙofa uku, kuma ɓarna ta kowace ƙofa za ta iya shiga. Kwafi na gaskiya shi ne wanda ba ya jin abin da sauran ke yi: kile a aljihu, takarda a kabad. Kada ku saka komai a asusun da ba naku kaɗai ba sai kun gaya wa mai aikin. In abu ya ɓace, kafin ku kunna kowace na'ura ku tambaya wacce ce ba ta sami intanet ba tukuna, ku bar ta a kashe.

Na biyu na mutane ne. A wannan sana'a muryarmu muke sayarwa, kuma wanda ya daɗe ana sauraronsa yakan ɗauka abin da ya sani mallakarsa ne. Gidajen Kurfai ba nawa ba ne, ba na Balkisa ba ne, na mutanen da ke jiran su ji an ambaci sunan ubansu ne. Na san wannan yanzu, amma ba zan ce muku hassadar ta tafi ba. Har gobe in ƙarfe ɗaya ta yi ina kunna rediyo a zaure, in na ji ta haɗiye ƙarshen jimla sai wani abu ya yi mini daɗi a ƙirji. Ranar da za a karanta tawa sanarwar kuwa, na riga na gaya wa iyalina su kai mata takardar hannu da hannu. Ita ce ba za ta tsallake kowa ba.